Nazarin Lamari: Manoman Wani Ƙauye a Ingila da Gidan Sufayen da Ya Mallake Su

Asalin lamarin, 1237 zuwa 1277

Ƙauyen, mai suna Darnhall, yana lardin Cheshire, arewa maso yammacin Ingila, ba nisa da kogin Weaver da iyakar Wels. Har zuwa 1237 lardin yana hannun hakiman Chester. A wannan shekara hakimi na ƙarshe ya mutu bai bar magaji ba, ƙasar ta koma hannun sarki, kuma a 1254 Sarki Henri na III ya ba ɗansa Edwad. Wannan Edwad ɗin, wanda ya hau gadon sarauta a 1272 a matsayin Edwad na I, shi ya ɗauki ƙauyen da gonakinsa da mutanen cikinsa ya yi kyauta da su ga wani gidan sufayen Kirista na ɗarikar Sistashiyan da ya kafa. An ce cika alwashi ya yi, bayan ya tsira daga hadarin teku.

Sufayen farko sun iso daga gidan sufaye na Dore a 1274, suka sauka a cikin ƙauyen kansa. Wurin bai yi musu ba, sai aka zaɓi wani fili mil huɗu arewa, aka raɗa masa suna Vale Royal, sarki ya aza harsashi da hannunsa ranar 13 ga Agusta 1277. Niyyarsa ita ce ya gina cocin wannan ɗarika mafi girma a Ingila. Ga manoma, abin da ya canza shi ne ubangida. Da mai su yana nesa, wakili kawai suke gani. Yanzu ga shi a bakin ƙofa, ya iya rubutu da lissafi, kuma yana da gini a gabansa mai cin kuɗi.

Matsayin mutanen a idon doka

Takardun gidan suna kiran waɗannan manoma da kalmar Latin, nativi, wato haifaffun gida. Ma'anar ta yi kusa da abin da Bahaushe ke nufi da cucanawa, sai dai akwai bambanci. Manomin nan yana da gona mai gadon gado, da gida, da dabbobi, da aure wanda coci ya amince da shi. Idan wani ya doke shi ko ya yi masa sata, zai iya kai ƙara kamar kowa, kuma ubangidansa ba shi da ikon kashe shi ko yanke masa gaɓa. Wurin mutum ɗaya ne tak ba shi da 'yanci, wato ubangidan. Kotunan sarki ba sa sauraron ƙararsa a kan gonarsa ko aikin da aka ɗora masa. Wannan sai kotun gandu, wadda ubangida ne ya kafa ta, wakilinsa ke zama a kai, tarar da aka ci kuma aljihunsa take shiga.

Alƙalai suna da ma'aunin da suke gane bawan gandu da shi. Littafin shari'a na ƙarni na 13 da ake danganta wa alƙali Bracton ya ce shi ne wanda ba ya sanin da yamma aikin da zai yi da safe. Ma'auni na biyu, biyan kuɗi kafin mutum ya aurar da 'yarsa. Na uku kuwa jini: idan ubangida ya kawo dangin mutum maza gaban alƙali suka amsa cewa su bayin gandu ne, magana ta ƙare. Mafita biyu aka sani. Ko ubangida ya rubuta takardar 'yantarwa, galibi da kuɗi, ko mutum ya gudu ya shekara da kwana ɗaya a birni mai takardar gata ba a nemo shi ba.

Akwai wata ƙofa ta uku da ƙauyuka da yawa suka bi. Idan kundin Domesday na 1086, wato kundin ƙidayar filayen Ingila, ya nuna ƙauye ƙasar sarki ce tun asali, mutanensa suna da kariya daga ƙarin aiki, ko da an ba wani ƙasar daga baya. Amma a wannan kundi babu filin sarki a Cheshire. Hakimin Chester, Hugh, ne ya riƙe kusan duka.

Yunƙurin farko, 1275 zuwa 1307

Tun 1275, shekara ɗaya da zuwan sufaye, manoman suka fara janye jiki daga ayyuka da biyan da ake nema wurinsu. Hujjarsu ita ce su 'ya'ya ne, ba bayi ba, kuma ba haka ake musu ba a zamanin iyayen gidansu na da. Suka ɗauki bakunan garmarsu na ƙarfe don shaida suka tafi gaban Sarki Edwad da kansu. Kundin gidan sufayen ya ce sarki ya amsa musu cewa a bayi suka zo, a bayi za su koma. Da suka dawo, shugaban gidan ya ƙwace kayansu har sai da suka amsa matsayinsu.

A 1290 sarki ya janye hannunsa daga ginin ɗungum, ya sanar cewa ba ruwansa da shi daga ranar. Yaƙe-yaƙensa da ginin ganuwoyinsa a Wels sun riga sun kwashe kuɗi da magina. Aka bar sufaye da kango da bashi. Ɗarikar tasu a da tana noma gandunta da hannun 'yan'uwa masu aikin ƙarfi da ke zaune a gidan, amma a ƙarshen ƙarni na 13 irin waɗannan sun yi ƙaranci ko'ina a Ingila. Abin da ya rage a matsa shi ne manoma.

A 1307 suka sake kai kuka. Aka yi bincike gaban babban alƙalin Chester, aka tabbatar musu da matsayin da suke ƙi.

Kundin ƙa'idoji, wajen 1326

Tsakanin nan ƙasar ta sha wuya. Yunwa ta 1315 zuwa 1317 ta biyo bayan ruwan sama da ya ruɓar da amfani, daga 1319 kuma annoba ta faɗa wa shanu. A 1320 aka kai wa wani sufi hari yana karɓar ushirin coci, wasu 'yan gida ɗaya na yankin kuma suka kashe wani baran gidan, suka yi ƙwallo da kansa. A wajen 1322 aka naɗa sabon shugaba mai suna Peter, mutum mai son takarda da shari'a. Shi ya sa aka rubuta ƙa'idojin gandun baki ɗaya, abin da a da yake a bakin dattawa.

Kundin ya ce dole manomi ya halarci kotun gandu duk lokacin da aka kira shi, ko da dare aka yi sammaci. Ba ya niƙa hatsi sai a maniƙar gidan, inda mai niƙa ke ɗiban rabon ubangida. Yana biyan kuɗin kiwon aladunsa a daji. Idan zai aurar da 'yarsa wajen gandun sai ya fanshe ta, kuma akwai tara a kan matar da aka kama da fasiƙanci. Ba ya mayar wa wani gonarsa sai a gaban kotu. Idan yana da alkama ko wani hatsi na sayarwa, kuma ubangida yana so, ba ya kai wa kowa sai da izini. Har da kiwon aladun gidan da goɗiyoyinsa da ciyar da 'yan kwikwiyon shugaba.

Inda abin ya fi ciwo shi ne ranar mutuwa. A yawancin Ingila ubangida dabba ɗaya mafi kyau yake ɗauka. A nan kuwa wakili zai shiga gidan mamaci ya kora aladu duka, da awaki duka, da goɗiyoyin da ke kiwo, da dokin hawansa idan yana da shi. Zai ɗauke amyoyin zuma, da naman aladen da aka ajiye, da tufar ulu da ta lilin, da duk zinariya da azurfar da aka samu, da tukwanen tagulla, ko da guda ɗaya ce matar ke girki da ita. Sannan ubangida ya zaɓi sa ko saniya mafi kyau, coci ya ɗauki mai bi mata, a raba sauran kaya shi ma da rabonsa. Wasiyya ba ta yiwuwa sai da izini. Gonar kuma tana komawa hannun gidan har magaji ya biya kuɗin shiga. Ke nan yawancin abin da manomi ya tara a rayuwarsa ba ya isa hannun ɗansa, kowane magaji daga ƙasa yake farawa.

Bore na cikin gida, 1328 zuwa 1329

Wannan karon ba su tafi wurin sarki ba. Sun yi taro da dare, suka tsayar da abu uku. Ba za su ƙara kai niƙa maniƙar gidan ba. Za su ba da hayar gonakinsu har shekara 10 ba tare da neman izini ba. Kuma shugaba ba zai ci tarar kowa ba sai da ƙiyasin maƙwabtansa. Duk ukun magana ce ta kuɗi: ta farko rabon hatsi, ta biyu kasuwar fili, ta uku hana ubangida yanka tara yadda ya ga dama.

Shugaba Peter ya amsa da kayan aikin da doka ta ba shi. Ya ƙwace dabbobi da kaya, ya sa jagorori a mari, ya tsare su har suka sauko, suka amsa a fili cewa su bayin gidan ne, suka biya tara. Dukkan wannan a kotunsa aka yi, ba wanda ya sa baki daga waje. A 1330 sufaye suka tare a sabon gininsu, wanda bai ƙaru ba.

Zagayen ƙararraki, 1336

A 1336 shugaban ya lissafa kuɗin shigar gidan a shekara fam 248 da sule 17, wanda fam 60 daga ciki ke tafiya wajen saukar baƙi, ya ce ragowar ba ta isar sufaye 20, ga rufin coci da tagogi ba a yi ba. A shekarar ce kuma ya hana mutanen garin Over da ke maƙwabtaka riƙe filaye da irin gatan 'yan birni, sai suka haɗa kai da ƙauyen.

Farko suka tare babban alƙalin Chester, Hugh de Fren, a hanya, suka ce su 'ya'ya ne amma ana ɗaure su kamar bayi. Suna dawowa gida shugaba ya sa su a mari har suka rantse sun daina. Ba su daina ba. Tun da bawan gandu ba ya barin ƙasa sai da dalili, wasunsu suka ce za su ziyarar kabarin waliyyi Toma a Hereford, suka karkata arewa neman Sarki Edwad na III, wanda ke fama da yaƙin Sikotlan. A hanya aka kama su da laifin sata, aka kulle su a kurkukun Nottingham, saura ƙiris a rataye su.

Daga nan suka kai takardar koke majalisa a Westminster. Sarki ya umarci sabon alƙalin Chester, Henry de Ferrers, ya bincika. Shugaba ya zo da takardun kyautar Edwad na I masu hatimi, aka karanta, aka yanke masa, aka miƙa masa mutanensa. Suka bi sarki Windsor suka ce alƙali bai yi adalci ba. Sarki ya tura maganar ga ɗansa, hakimin Chester na lokacin, yaro da bai wuce shekara 6 ba, ma'ana ga mashawartansa. Hukuncin bai canza ba. Sai suka je wurin matar sarki, Sarauniya Filifa, kuma nan ne kaɗai suka ji sanyi: ta rubuta wa shugaba ya ƙyale su. Shi kuwa ya ɗaura sirdi, ya ɗauki takardunsa, ya sami sarki da sarauniya a King's Cliffe, aka sake tabbatar masa.

Ya kamata a lura da kuɗin da wannan yawo ya ci. Daga Cheshire zuwa Westminster tafiyar kwanaki ce masu yawa, ga guzuri, ga ladan marubucin koke, ga gona da aka bari. Mutanen da suka iya wannan ba matsiyata ba ne. Masu abin hannu ne, waɗanda harajin mutuwa ya fi yi wa ɓarna.

Hari a Exton da miƙa wuya, 1336 zuwa 1337

Ranar 24 ga Yuni 1336 shugaba yana kan hanyar komawa, ya iso Exton a Rutland. Manoman suka yi masa kwanto tare da wani ɗan babban gida, William de Venables, wanda danginsa ke da tasu rigimar da gidan. Aka harbe mai kula da dokin shugaba da kibiya, ya mutu nan take. Ma'ajin gidan, Walter Welsh, yana baya. Ya sako doki ya faɗa cikinsu. Venables ya arce ya bar su. Mutanen yankin suka taru suka kwashe kowa da kowa, har shugaban, suka kai Stamford inda sarki yake. Washegari aka saki shugaba, aka bar manoma a sarƙa.

Ƙarshenta suka dafa Linjila suka rantse cewa su da 'ya'yansu bayin gidan ne har abada. Lahadi bayan Lahadi suna tsayawa a cikin coci gaban sufaye, ba takalmi ba hula, kowa riƙe da kyandir yana miƙawa. An ɗora wa ɗaya daga jagororin ya riƙa kawo kyandir kowace shekara har mutuwarsa. A 1337 an ƙara komawa kotu, an ƙara faɗuwa.

A 1339 aka kashe shugaba Peter da Walter Welsh a wani hari da Thomas de Venables da mutanensa suka kai, aka ƙone gidaje da amfanin gona. Aka naɗa wani shugaba, kundin ƙa'idoji yana nan yadda yake.

Abin da ya sassauta igiyar, 1348 zuwa gaba

Annobar da ake kira Baƙar Mutuwa ta shiga Ingila ta gaɓar Dorset a tsakiyar 1348, ta kai arewa a 1349, ta kashe tsakanin kashi ɗaya cikin uku da rabin jama'a. Gonaki suka rasa masu noma. Masu ƙasa suka garzaya ga doka: umarnin 1349 da dokar ma'aikata ta 1351 sun mayar da lada yadda yake a 1346. Mai noman ciyawa kwabo ɗaya a yini, mai yankan ciyawa kwabo biyar, mai girbi kwabo biyu a makon farko na Agusta, uku daga baya. Amma masu ƙasar kansu ne suka riƙa karya dokar a ɓoye, da ƙarin abinci da kyauta, don kada amfani ya lalace a gona.

Tawayen manoman Ingila na 1381 ya sake gwada hanyar sarki. Ranar 14 ga Yuni, a Mile End, Sarki Richad na II, ɗan shekara 14, ya amince a soke bautar gandu, hayar eka ta zama kwabo huɗu, aka raba takardun 'yanci. Washegari aka kashe jagoran tawayen, Wat Tyler, ranar 2 ga Yuli aka soke takardun duka.

Abin da ya yi aiki ya zo ne a hankali, gandu bayan gandu. Matasa suka riƙa tafiya inda lada yake. Wasu suna biyan ɗan kuɗi kowace shekara don zama a waje, abin da ya yi kama da murgu, bayan 'yan shekaru su daina biya, nemansu kuma ya fi ƙarfin ribarsa. Ubangida da gona ta zauna masa fayau dole ya ba baƙo, baƙo kuwa ba zai karɓa da sharaɗin aikin gandu da fansar 'ya ba. Aka mayar da aiki kuɗin haya. Daga ƙarshen ƙarni na 14 manyan masu ƙasa suka daina noma gandunsu, suka ba da shi haya, buƙatar aikin tilas ta faɗi. Mai karɓar gona yana tafiya da kwafin abin da aka rubuta a kundin kotun gandu, wannan kwafi ya zama hujjarsa, har kotunan sarki suka fara kare shi. A 1538 Sarki Henri na VIII ya rushe gidan Vale Royal, filayensa suka koma hannun Thomas Holcroft. Majalisa ba ta taɓa yin dokar soke wannan bauta ba. Shari'a ta ƙarshe da aka yi a kanta a 1618 ce, aka ce mutumin ɗa ne.

Ƙima

Kusan duk abin da ke sama daga kundin gidan sufayen ya fito, wanda aka fara rubutawa a zamanin shugaba Peter don ya zama hujja a kotu. Shi ya sa manoman suka bayyana a matsayin maƙetata, ma'aji kuma jarumi. Duk da haka kundin ya tona abin da bai yi niyya ba, domin ya jera buƙatunsu dalla-dalla.

Hanyar ƙara ta faɗi ne saboda tambayar da alƙali ke amsawa ba ita ce ta manoma ba. Su suna cewa an ƙara mana nauyi fiye da na kakanninmu. Alƙali yana tambaya: ku bayi ne ko 'ya'ya? Da zarar an ce bayi, sauran maganar ba huruminsa ba ce, sai a mayar da ita kotun gandu, a ba kura ajiyar nama. Kuma kowace faɗuwa tana barin rubutaccen hukunci da za a karanta musu a karo na gaba: na 1307 ya ƙarfafa na 1329, na 1329 ya ƙarfafa na 1336. Shugaba yana da takarda mai hatimi, su suna da tunawar dattawa da bakin garma. Sarki ma ba ɗan ba-ruwanmu ba ne. Takardar kakansa ake kare wa, kuma shi kansa yana da bayin gandu.

Harin Exton ya fi komai muni a lissafi. Ya mayar da masu koke masu laifin kisa, ya rufe ƙofar sarauniya, kuma ya jingina su da wani babban gida mai tasa manufar, wanda ya gudu da abin ya yi zafi.

A ganina boren 1328 ne mafi hikima cikin duk abin da suka gwada, ko da yake shi ma an murƙushe shi. Bai nemi a canza sunansu ba, ya nemi a rage abin da ake tatsa, kuma buƙatun nan irinsu ne manoman Ingila suka samu daga baya. Matsalarsa lokaci. A 1328 mutane sun yi yawa, fili ya yi kaɗan, wanda aka kora daga gona akwai mai jiran ta. Nasarar shugaba Peter kuwa ta takarda ce: ya ci kowace shari'a, amma mari da kyandir ba su ƙara wa gidan kuɗin rufin coci ba, kuma a Oktoba 1360 guguwa ta rushe babban zauren cocin tun ba a gama shi ba.